Babi na Shida: A Fara Sanin Ciwon Kafin a Haɗa Magunguna

Jega gari ne na kasuwa tun ƙarni na 19, kuma har yau mahaɗar hanyoyi ce, domin titin Sakkwato da na Birnin Kebbi da wanda ya bi ta Maiyama zuwa Yawuri duk a nan suka gamu. Inda hanya ta haɗu kuwa, magani ma yakan haɗu. A bakin tasha za ka ga mota da lasifika a kanta, an jera robobin jiƙo a bayanta, mai maganin yana lissafa sanyin mara da ƙanƙancewar gaba da rashin haihuwa a numfashi ɗaya. A cikin gari akwai mai kantin magungunan Musulunci da zumarsa da man habbatus sauda, akwai malami mai rubutu a zaure, akwai dillaliyar hakin maye da ke shiga gida-gida da ƙullinta, ga kemis, ga babban asibiti. Ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri ba sa tsayawa a ƙofa ɗaya daga cikin waɗannan. Sukan ƙwanƙwasa su duka, wani lokaci a cikin wata guda. Saboda haka gardamar ko a haɗa maganin gida da na asibiti ta riga ta wuce, mutane sun daɗe da haɗawa. Abin da ya rage a tattauna shi ne yadda za a jera su, da abin da ya kamata a cire daga cikin jerin baki ɗaya.

Matsayar wannan babi ita ce: haɗa addu'a da gyaran abinci da maganin asibiti abu ne mai kyau, amma da sharaɗin bincike ya zo da farko, kuma a binciki miji da mata tare. Dalilin yana cikin yadda ake samun ciki. Sai abubuwa huɗu sun cika: mace ta saki ƙwai, namiji ya kawo maniyyi mai isassun ƙwayoyi masu motsi, bututun da ƙwan ke bi zuwa mahaifa ya kasance a buɗe, mahaifar kuma ta iya riƙe abin da ya shige ta. Kowane ɗaya a cikin huɗun nan yana iya samun tangarɗa, kuma gyaran kowanne daban yake. Kalmar "rashin haihuwa" suna ne da aka ba sakamako, cututtukan da ke ƙarƙashinta suna da yawa. Mai ɗori a Aliero, garin da ya yi suna a wannan sana'a har ana zuwa daga nesa, ba ya ɗaura kara sai ya lalubi ƙashi ya san inda ya karye. Hannunsa yana kai wa ga ciwon. Amma babu hannun da ke laluben bututun mahaifa ta saman fata, babu idon da ke ƙirga ƙwayoyin maniyyi ba tare da madubin ɗakin gwaji ba. Duk wanda ya ba da maganin haihuwa kafin a duba waɗannan, ko boka ne ko likita, ɗori yake yi a ƙafar da bai taɓa ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 6 a duniya yana gamuwa da rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne wata 12 ana saduwa a kai a kai, ba tare da maganin tazara ba, ciki bai samu ba. A yankinmu abin ya fi ciwo saboda yawan haihuwar da ke kewaye da mai nema. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace takan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi. Wadda ba ta samu ko ɗaya ba tana zaune ne a tsakiyar suna da barka kowane mako, ana kiranta juya a bayan idonta, uwar miji tana ƙirga mata shekaru. Akwai kuma wadda ba a cika lissafawa da ita ba, wato wadda ta haihu sau ɗaya ko biyu sai abin ya tsaya cik. Irin wannan ya yi yawa a Afirka, kuma yana nuna inda ya kamata a fara dubawa.

Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe da dama, wanda aka buga a 1985, ya gano cewa a cikin matan Afirka masu neman haihuwa da aka duba kusan rabi bututunsu biyu duk a toshe suke, adadin da ya ninka na ƙasashen Turai sau da yawa, kuma mafi yawan toshewar ta samo asali ne daga cutar da ƙwayoyin cuta suka haddasa. Hanyoyin da cutar ke shiga sanannu ne: ciwon sanyi na saduwa da ba a yi maganinsa da kyau ba, haihuwa ko ɓari da aka yi cikin rashin tsafta har zazzaɓi ya biyo baya, da tiyatar ciki da ta bar tabo. A garuruwan bakin gulbi kamar Jega, inda ake wanki da noman shinkafa a fadamar Gulbin Zamfara, akwai ƙarin tsargiya. Mutane sun san ta da fitsarin jini ga yara maza, amma tsutsar tana zuba ƙwai a mahaifa da bututun mace, ta bar mata ciwon mara da zubar ruwa da ake ɗauka sanyi ne kawai. Maganin firazikwantal yana kashe tsutsar, sai dai ba lallai ya goge tsohon tabo ba. To bututun da tabo ya liƙe, babu sassaƙe ko zuma da za su buɗe shi, kamar yadda ƙwayar kemis ma ba za ta buɗe shi ba. Hoton bututu na asibiti, wanda ake ɗura ruwa mai fitowa a hoto ta bakin mahaifa 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, yana nuna wannan a yini ɗaya.

Sai batun maigida, wanda shi ne aka fi tsallakewa. Likitocin wannan fanni sun yi ittifaƙi cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai hannun matsalar namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Amma a dogon bencin asibitin mata, mata ne zalla ke zaune da katinsu. Hujjar maza ita ce lafiyarsu ƙalau wajen kwanciya, alhali ƙarfin gaba daban, ƙwayar haihuwa daban. Namiji yana iya zama ba shi da wata gazawa a shimfiɗa amma maniyyinsa ba ƙwaya ko ɗaya. Hujja ta biyu ita ce yana da 'ya'ya da uwargida ko da matar da ya saka. Wannan shaida ce ta shekarun baya, domin ciwon sanyi, da kumburin jijiyoyin maraina, da hangum da ya sauka ga maraina bayan balaga, da ciwon sukari, duk suna iya sauya lissafin daga baya. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha a duk binciken: a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a kai samfuri ɗakin gwaji cikin awa guda, a duba yawa da motsi da siffa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa mafi ƙarancin abin da ake so a gani miliyan 16 a kowace mililita. Mutumin da ya ƙi wannan gwaji ya zaɓi ƙaro aure don ya gane inda laifin yake ya sayi amsa da tsada, kuma idan cutar sanyi ce a jikinsa, ya raba wa amarya abin da ya toshe uwargida.

A nan mai karatu zai kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin jama'a: wance ta shekara uku ba ta ko ɓatan wata, aka karɓo mata jiƙo, ga ta nan da goyo. Labarin gaskiya ne, ba a musa shi. Abin da ake tambaya shi ne ko jiƙon ne ya kawo cikin. Ƙididdigar da hukumomin lafiya na Ingila ke aiki da ita ta nuna cewa a cikin ma'aurata 100 da matar ba ta kai shekara 40 ba, fiye da 80 za su samu ciki a shekarar farko, kuma kusan rabin waɗanda suka rage za su samu a shekara ta biyu ba tare da wani magani ba. Ke nan duk abin da aka sha a wannan tsakani, shi zai kwashe yabo, ko da ruwan randa ne. Wadda ta sha ta haihu ana ba da labarinta a gidan biki, goman da suka sha ba su samu ba sun yi shiru, an ce da su rabo ne bai zo ba. Mai magani yana karɓar godiya idan an dace, idan ba a dace ba a jingina ga ƙaddara, shi ba ya faɗuwa ta kowane gefe. Wannan bai tabbatar da cewa itatuwanmu ba su da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne labarin mutum ɗaya ba ya isa hujja, sai an gwada magani a kan jama'a da yawa, an kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba.

Wani zai ce, to ina laifin gwadawa, tunda ko bai yi amfani ba bai cutar ba? Laifin farko shi ne lokaci. An haifi mace da duk ƙwayayen da za ta mallaka, suna raguwa a yawa da inganci, kuma raguwar tana sauri bayan shekara 35. Shi ya sa ake shawartar wadda ta kai waɗannan shekaru ta je asibiti bayan wata 6 kacal. Wadda ta fara nema tana da shekara 24, ta yi shekara 10 tana zagaye daga mai magani zuwa mai magani, za ta isa gaban likita da ciwon da ya tsufa da ƙwan da ya ragu. Ƙarin mahaifa da ya fara kamar goro ya zama kamar kan jariri, cutar da allurai na mako biyu za su kashe ta riga ta liƙe bututu. Laifi na biyu kuɗi ne. Ana kashe su kaɗan-kaɗan, yau kaza, gobe tunkiya, jibi kuɗin albasar rani, har jimillar ta ninka kuɗin gwajin farko sau da yawa ba a lura ba. Haka nan idan al'ada ta ɗauke wata da watanni aka ce ciki ne ya kwanta, hoton sikanin na minti goma zai bambance tsakanin ciki, da ƙari, da cikin da ya lalace bai fita ba, da rikicewar sinadaran jiki.

Idan an san ciwon, to a nan gyaran gida yake da babban gurbi, kuma likitan kirki da kansa zai fara da shi. Kwanakin ɗaukar ciki 6 ne a wata, suna ƙarewa ranar da ƙwai ya fita, wato kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Direba ko ɗan kasuwar da ke kai albasa kudu ya dawo gida sau ɗaya a wata yana iya shekara yana kuskure waɗannan kwanaki, haka mai mata da yawa da rabon kwana ke kai shi wani ɗaki a daidai lokacin. Mace mai ƙiba da al'adarta ke tsallake watanni, idan ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, sau da yawa ƙwai yana dawo da fita. Wadda ta rame ƙwarai ko jininta ya yi ƙasa tana buƙatar wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, hanta, zogale da alayyafo, duk kuwa suna kasuwar Jega. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 a kullum tun kafin ciki, ba ta kawo haihuwa, amma tana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. Namiji kuma ya bar taba da tiramadol, ya rage zama a kan zafin inji, ya rufe jiki da hanci idan zai yi feshin gona. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya ƙera sabuwar ƙwayar maniyyi, don haka sai bayan wata 3 ake sake gwaji a ga bambanci. Habbatus sauda ma an gwada ta: wani ƙaramin bincike a Iran a 2014 ya nuna man nata ya inganta maniyyin maza bayan wata 2. Alama ce mai daɗi, sai dai mutanen kaɗan ne kuma ba a ƙirga jarirai ba. Tsiren allura na Sinawa kuwa, da aka gwada shi a kan mata 848 a Ostireliya da Niyu Zilan aka buga sakamakon a 2018, bai ƙara yawan haihuwa ba.

Akwai kuma abubuwan da ba su da wuri a kowane irin haɗi. Na farko shi ne cusa magani a gaba. Matsi mai kanwa ko alif ko garin itace yana ƙona fatar ciki, ya buɗe wa cuta hanya, wani lokaci tabon ya tsuke farji har sai an yi tiyata. Na biyu yankan gishiri, wanda wasu wanzamai da ungozomomi ke yi da sunan buɗe hanya, alhali yana cikin sanannun dalilan yoyon fitsari, cutar da aka keɓe wa cibiya guda a Gesse ta Birnin Kebbi. Na uku jiƙon ƙarfin maza da ba a san abin da ke ciki ba, domin an sha kama irinsa da garin ƙwayoyin Bature a ɓoye. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba bai da guba a fili, hukumar ba ta ce yana warkar da abin da aka rubuta a kwalin ba. Ɓangaren asibiti ma yana da nasa ɓarnar idan ya faɗa hannun da bai ƙware ba. Wankin ciki da mata ke roƙo a yi musu don mahaifa ta "buɗe" ba ya kawo ciki, kuma idan aka kankare da yawa bangon mahaifa yana iya mannewa har al'ada ta ɗauke. Kilomid da ake saya a kemis ana sha wata da watanni an yi shi ne don wadda ba ta sakin ƙwai, ba ya amfanar mai toshewar bututu. Allurar sinadarin mazakuta kuwa tana rage maniyyi ne, har takan tsayar da shi.

Hujjar addini ita ce ta fi cancantar a saurare ta da ladabi: haihuwa ta Allah ce, yana ba wanda ya so. Babu Musulmin da ke jayayya da wannan, likita ma ba ya halittar rai. Amma arziki ma na Allah ne, bai hana manomin Maiyama yin shara da shuka ba, kuma koyarwar Musulunci a kan neman magani a bayyane take. Annabi Zakariyya ya roƙi zuriya a cikin tsufa aka ba shi Yahaya, don haka addu'a da sadaka da istigfari suna tafiya da mai nema tun daga ranar farko, ba sa cin karo da kowace ƙwaya. Suna kuma riƙe zuciyar ma'aurata a watannin jira, abin da asibiti ba ya iya bayarwa. Inda ake samun matsala shi ne idan aka yanke hukunci cewa sammu ne ko namijin dare tun ba a yi gwaji ko ɗaya ba, aka ɗora zargi a kan kishiya, zumunci ya lalace, ciwon yana nan. Game da dashen ƙwai, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, malamai sun daɗe da yin magana. An haifi jaririyar farko ta wannan hanya a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, a 1980 Shaihu Jadul Haƙ na Masar ya ba da fatawar halacci, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a taronta na Amman a 1986. Sharaɗin shi ne ƙwai na matar ne, maniyyi na mijin ne, mahaifa tata ce, aure kuma yana nan. A Abuja an haifi jaririya ta wannan hanya a 1998 a hannun Dokta Ibrahim Wada.

Ƙorafin da ake yi wa asibiti shi ma yana da gaskiya a ciki. Layi yana da tsawo, wasu ma'aikata ba su iya magana ba, mace tana jin nauyin buɗe jiki ga likita namiji, dashen ƙwai kuma yana cin miliyoyin naira ba tare da tabbacin nasara ba. Akwai ma waɗanda za a gama duk gwaji a ce ba a ga komai ba. Mai maganin gargajiya yana cin kasuwa ne saboda yana zaunar da mutum, ya saurare shi, ya karɓi biya a hankali, kuma wannan darasi ne ga ma'aikatan lafiya. Sai dai mafi yawan masu nema ba dashen ƙwai suke buƙata ba. Wadda nononta ke fitar da ruwa ba ta shayarwa, ƙwaya ce ke saukar da sinadarin da ya hana ta sakin ƙwai. Mai matsalar sinadarin maƙoshi ana daidaita ta da magani. Wadda ƙwanta ba ya fita, wani gwaji da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna letirozol ya ba da haihuwa ga kashi 27.5 cikin 100, kilomifin, wato Kilomid, kuma kashi 19.1. Gwaje-gwajen farko ana fara su daga babban asibitin gari, wanda ya wuce nan a tura shi Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya a Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Jega, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ko amsar "ba mu ga komai ba" tana da amfani, domin ta wanke matar daga zargi, kuma da yawa daga cikin masu irin wannan sakamako suna samun ciki daga baya.

Jerin da ya dace ke nan. Addu'a da abinci mai kyau da lura da kwanakin wata, tun daga farko. Idan shekara ta cika, ko wata 6 ga wadda ta kai 35, ko nan take ga mai ciwon mara da rikicewar al'ada, miji da mata su je tare, shi ya fara ba da nasa gwajin. Idan an samu cutar sanyi, a yi wa maigida da dukan matansa magani lokaci ɗaya. Duk abin da ake sha na gida a kai shi gaban likita a kwalbarsa, a faɗi gaskiya, shi kuma likita ya duba ba tare da tsawa ba. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega, waɗanda su ne za su zauna a ƙananan asibitocin ƙauye, su koyi tambayar ina maigida kafin su rubuta wa mace magani. Malamai da ungozomomi da masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda su ake fara zuwa wa, su riƙa tambayar takardar gwaji kafin su karɓi ko sisi. Kai kuma maigida da ke karanta wannan, idan shekara ta zagayo gidanka shiru, kada ka tura ta ita kaɗai. Ka ɗauki katinka, ku tafi tare.